Gaɓar Tekun Ikko, Daga Badagry Zuwa Lekki

Akwai Hausawan da suka shekara ashirin a Legas ba su taɓa taka bakin teku ba. Wanda yake ganin ƙari na yi, ya shiga Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba ya tambaya. Za ka sami mutum ya haddace tashoshin danfo tun daga Oshodi har Sango, ya san inda ake sauke albasa da inda ake sauke raguna, amma iyakar ruwan da ya gani shi ne wanda yake hangowa ta tagar mota in ana tsallaka gadar Third Mainland. Wannan kuwa tafki ne, tekun yana can bayan gidajen masu kuɗi. In ka tambayi dalili, wani ya ce nema ya kawo shi, ba yawo ba. Wani ya ce wurin na 'yan sharholiya ne. Wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ce maka ruwan nan da masu shi.

Na sauka ne wurin kawuna, wanda ya tsufa a fataucin goro a Agege. Da na ce ina son bin gaɓar nan iya inda ƙafa ta kai, sai ya haɗa ni da ɗansa, taubashina, haifaffen Agege wanda Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsa. "Kai shi ya gani," in ji Kawu, "amma kada ka bar shi ya shiga. Mutumin da bai san ruwan da ya wuce dam ɗin Ajiwa ba, ba a sake masa hannu a teku."

Bakatsine ya san zafi. Mun san ranar Afrilu da ma'auni ke haura 40. A Legas da wuya ya wuce 33 ko 34, amma zafin wani iri ne. Iska cike take da laima, gumi ya fito ya rasa inda zai tafi, sai ya zauna a jikinka. Ka yi wanka, kafin ka ɗaura agogo ka sake jiƙewa. Cikin danfo da tsakar rana kuwa, mutum kamar an rufe shi a madambaci. Kilishin da na kai tsaraba, matar Kawu ta ce a raba a cinye, don ba ya ajiyuwa a nan. Takalmin fata in ya daɗe ƙarƙashin gado sai ya fito da fumfuna, gishiri ya dunƙule a gwangwani, ƙyauren ƙarfe ya ci tsatsa tun mai shi bai gama biyan maƙeri ba. Goro ne kawai ke jin daɗin wurin. Kawu ya ce huhu a nan lafiya lau yake kwana cikin ganyensa, fargabar ɗan kasuwa tana farawa ne in mota ta tsallake Jebba iska ta fara bushewa. Goron nan ne ma ya zaunar da mutanenmu a Agege. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, fataken da a da suke shafe watanni da jakuna zuwa Gwanja suka ga ga gonakin goro a bakin tasha, ga jirgi zai kai kaya gida cikin 'yan kwanaki. Suka sauke kaya, har yau ba su tashi ba.

Daminarsu biyu ce. Babbar tana kama daga wajen Afrilu zuwa Yuli, kuma Yuni ne uban ruwa: a wuni ana yi, a kwana ana yi, kwatoci su cika su amayo, titi ya zama rafi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Agusta. Lokacin da mu muke tsakiyar marka, katangu suna zubewa, su a lokacin ne ruwa yake ɗauke musu ƙafa. Gari ya yi lumshi, iska ta yi sanyi, ba rana ba ruwa. Sai Satumba da Oktoba ƙaramar daminar ta dawo da tsawa. In aka haɗa duka, abin da ke sauka a Legas a shekara ya kai kusan ninki biyu na Kano. Hunturu kuma kafin ya ratso dazuzzukan kurmi ya iso, ya riga ya gaji. 'Yan makonni ne a Disamba da Janairu, ɗan hazo da ɗan bushewar leɓe, amma sai ka ga mutanen gari sun sha rigunan sanyi har da hular ulu, suna ta yi wa juna sannu.

Kafin a gane tarihin wurin sai an gane shimfiɗarsa. Jihar Legas tsiri ce doguwa, gaɓar tekunta kusan kilomita 180 daga iyakar Jamhuriyar Benin zuwa gabas. A duk tsawon nan akwai siririn tudun yashi da ya tare teku, a bayansa kuma tafkuna da ƙoramu ne kwance, a haɗe da juna, har mai kwale-kwale yana iya tashi daga Epe ya wuce Badagry ya shiga Benin bai taɓa ruwan teku ba. Kafa ɗaya ce tak inda tafkin ya huda yashin ya haɗu da teku, kuma a bakin wannan kafar Ikko ta zauna. Ita ta jawo jiragen Fotugal tun ƙarni na 15, ita ta jawo Ingila, ita ce har gobe ke ciyar da tashar Apapa.

Da ɓangaren yamma muka fara. Bayan sallar asuba muka bi ta Igando muka faɗo babban titin Badagry a Iyana-Iba, kusa da Alaba Rago, inda Hausa ke tashi ta ko'ina har ka manta a kurmi kake. Titin nan tun 2009 aka fara aikin faɗaɗa shi, wani wuri sumul, wani wuri sai addu'a. Daga Agbara shingaye suka fara, ka bar wannan kana hango wancan, saboda hanyar Seme ce, bakin iyakar Benin, hanyar shinkafa da fetur. Taubashina ya san gaisuwar da ake yi wa kowa. Ni dai na gyara zaman hula na yi shiru.

Badagry gari ne mai natsuwa, ba ya kama da Legas ko kaɗan. Tsofaffin gidaje masu jan kwano, itatuwan kwakwa ko'ina, titi ɗaya dogo a bakin tafki da suke kira Marina. Mutanen wurin Egun ne, harshensu ya fi kusa da na mutanen kudancin Benin fiye da Yarbanci, sarautar sarkinsu Akran. Wurin farko da ake kai baƙo wani farin bene ne mai matakalar katako, wanda 'yan mishan na CMS suka kammala a 1845 ƙarƙashin wani Bajamushe, Gollmer. A sama akwai ɗakin da Samuel Ajayi Crowther ya zauna, da tsohon Baibul na Turanci da na Yarbanci cikin akwatin gilashi. Shi kansa Crowther bawa ne da jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato a teku yana yaro, ya zo ya zama bishop a 1864. A jikin ginin an rubuta cewa shi ne bene na farko a Najeriya. Nan fa na kasa haƙuri. Na ce wa mai yi mana jagora, Malam, hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina ɗaruruwan shekaru kafin a haifi wanda ya gina wannan, kuma sorayen Kano da Zariya ba jiya aka fara hawansu ba. Ya yi murmushi ya ce ba ni ne ɗan Arewa na farko da ya faɗi haka ba. Taubashina ya ce masa, "Rabu da shi, Katsinawa ne, ko ruwan sama suna ganin a garinsu aka fara." In da an rubuta bene na farko irin ginin Turawa, da ba mai musu.

Raha ta ƙare ne a gidan Seriki Williams Abass. Gida ne mai tsakar gida da ɗakuna a kewaye, an gina shi wajen shekarun 1840 don tara bayi kafin jirgi ya zo. Jagora ya ce ɗakuna 40 ne. Yawancinsu yanzu zuri'ar mai gidan ne a ciki, ga shanya, ga murhu, ga yara suna tsalle-tsalle. An bar kaɗan yadda suke. Muka shiga ɗaya. In ka miƙa hannuwa biyu saura kaɗan ka taɓa bango da bango. Taga ɗaya ce, 'yar ƙarama, can sama kusa da rufi. Ya jawo ƙyaure ya rufe mu, mu uku da shi, kafin minti ɗaya numfashi ya fara nauyi, bango yana gumi, mu ma muna yi. Ya ce a nan ake cusa mutum 40, wani lokaci su yi watanni. Ya ɗauko sarƙar wuya ya ɗora mini a tafin hannu, ƙarfe baƙi mai sanyi, nauyinsa ya ja hannuna ƙasa. Akwai na ƙafa, akwai ƙanana na yara, akwai wani ƙarfe da ake huda leɓe a kulle bakin mai gardama. Ya nuna wata tsohuwar laima ya ce da mutum 40 aka musanya ta. Taubashina, wanda tun Agege bakinsa bai huta ba, bai ƙara cewa uffan ba har muka fito.

Shi mai gidan labarinsa ya fi ɗaure kai. An kama shi bawa yana yaro, aka sayar da shi ga wani ɗan Birazil, ya koyi harsunan Turawa, ya dawo ya zama dillalin bayi. Musulmi ne, shugaban Musulmin garin, Turawan mulki suka ba shi sarauta, ya rasu a 1919, kabarinsa yana cikin gidan. Jagora ya dubi hulata ya ce, "Alhaji, ɗan'uwanku ne a addini." Na ce haka ne.

A makaranta an koya mana cinikin bayi na teku a matsayin abin da ya gudana tsakanin Turawa da mutanen kudu, mu namu na hamada ne, shi ma a gurguje ake wuce shi. Badagry ba ta yarda da wannan rabon ba. Daga 1804, yaƙe-yaƙen jihadi a ƙasar Hausa da rushewar daular Oyo sun cika kasuwannin gaɓar nan da kamammu. Mutanen Gobir da Katsina da Kano da Zazzau da Nufe da Barno, hannu zuwa hannu, kasuwa zuwa kasuwa, har su iso Badagry ko Ikko ko Porto-Novo. Ingila ta haramta cinikin a 1807, amma jiragen Fotugal da Birazil ba su daina zuwa ba sai wajen 1850. Da yawa daga cikin mutanenmu a Bahiya aka sauke su, a arewa maso gabashin Birazil, kuma ba su kwanta ba. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a birnin Salbado. A 1814 suka tashi da gaske. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa da wasu Hausawa, suka fito titi da fararen riguna da takubba. Da aka murƙushe su, abin da aka samu a jikinsu da ɗakunansu layu ne da alluna da takardu masu ayoyin Alƙur'ani. Wato akwai almajirin da aka kama da karatunsa a ka, ya tsallaka teku da shi, ya sami allo a can ya ci gaba. Abin da ba mu cika son tambaya ba shi ne wanda ya fara ɗaure shi, da kasuwar da aka fara yi masa kuɗi. Bature bai taka Gobir ya kama kowa ba a wancan zamani.

Hanyar kuma ba gangara kawai take ba, tana hawa. A ƙarshen 1825 Hugh Clapperton ya sauka a Badagry da niyyar komawa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya taɓa ziyarta a 1824 ta hanyar hamada. Ya bi ta Oyo da Bargu da Busa, ya tsallaka Kwara, ya shiga Zariya da Kano, ya isa Sakkwato, a can ya mutu a Afrilun 1827. Baransa Richard Lander ya kwaso takardunsa ya dawo Badagry, inda dillalan bayi 'yan Fotugal suka yi masa sharrin leƙen asiri, aka ba shi ruwan guba na rantsuwa, ya sha, ya je ya amayar, ya tsira. Tafintansu a tafiyar wani Bagobiri ne, Abubakar, da Turawa ke kira Pascoe. Shi ma an sayar da shi ne har ya kai teku, jirgin Ingila ya ƙwato shi, ya yi aikin jirgi, sannan ya dawo ya nuna musu hanyar gida. Ban ga an rubuta sunansa a ko'ina cikin garin ba.

Daga Marina ake shiga kwale-kwale mai inji a tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, tafiyar 'yan mintoci. Ruwan tafkin kwance yake, launin shayi. Gungu-gungun wata irin kainuwa mai furen shunayya suna yawo a kai, direba yana kauce musu don kada su naɗe farfela. Wannan ba dashen Allah ba ce a nan: asalinta Kudancin Amurka, kuma ta wannan ƙoramar ta Badagry ta shigo Najeriya a 1984, ta zame wa masunta alaƙaƙai. A ɗaya gefen sai tafiyar ƙasa cikin yashi mai cin ƙafa, tsakanin kwakwa da gajerun ciyayi, rana a tsakar ka. A rabin hanya akwai wata rijiya da ake cewa an yi mata asiri, ana tilasta wa bayi su sha don su manta gida. Tun kafin a ga teku ake jin sa, wani gurnani mai zurfi da ba ya yankewa. Sai hanya ta ɗan hau tudu, itatuwa suka buɗe.

Ba zan iya cewa kyau ne ya fara zo mini ba. Tsoro ne. Ruwa toka-toka har inda ido ya ƙare, ba tsibiri, ba tsallake, raƙuman ruwa suna tasowa sun fi mutum tsawo, su naɗe, su faɗi da ƙara, kumfa ta taho da gudu har ƙafarka, sannan ta koma tana zare yashin da kake tsaye a kai. Babu tashar jirgi a nan, ba a taɓa yi ba. Manyan jirage can nesa suke tsayawa, sai a zuba mutane a kwale-kwale, da sarƙa a wuya, a keta wannan haukan da su. Wanda ya fito daga inda rijiya ke da gaba ashirin, a ranar da ya fara ganin teku a ranar ake tura shi ciki.

Azahar ta same mu a wurin. Na tuna hadisin da muka karanta a zaure muna yara, cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, muna maimaitawa ba mu san abin da ake nufi ba. Na tsuguna inda kumfa ke ƙarewa na yi alwala. Kurkurar baki ce jarrabawar: gishiri har maƙogwaro, ido ya kawo ruwa. Da yake teku kudu yake, alƙibla kuma gabas maso arewa, sai mutum ya bar shi a hannun dama, yana salla yana jin sa a kunne. Da muka idar wata mata ta fasa mana ɗanyar kwakwa da adda, muka sha ruwan, ta tsaga muka kankare farin da ɓawonsa.

Tsakiyar gaɓar, wato Ikko kanta, ta jirgin ƙasa muka shige ta, sabon layin da aka buɗe a Satumban 2023 daga Mile 2 zuwa Marina. Yana bi ta sama, kana ganin tafki da jiragen Apapa da rufin kasuwanni. Nan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa luguden wuta a Disamban 1851, suka kori Oba Kosoko suka ɗora Akitoye, sannan a Agustan 1861 suka sa Oba Dosunmu ya sa hannu ya miƙa garin. A 1863 wani hafsan ruwa, John Glover, ya tara Hausawa, da yawansu bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Daga wannan ƙaramar runduna sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa, kuma tsofaffin sojojin Hausawa na cikin waɗanda suka fara zama a Obalende. Shekara 40 bayan haka, sojan da Lugard ya ci Kano da Sakkwato da su a 1903, Hausawa ne da yawa a cikinsu. Waɗanda aka gangaro da su a ɗaure, irinsu ne suka hau da bindiga.

Kawu ya ba ni labarin Bar Beach, tsohon bakin tekun Victoria Island, tun kafin in fito. Ya ce a zamanin Gowon fili ne na kowa da kowa, ba ƙofa ba mai karɓar kuɗi, ga masu fararen riguna suna addu'o'insu, ga masu doki, ga masu tsire. A nan ne kuma ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna a harbe a bainar jama'a, har da Oyenusi a 1971. Yau babu Bar Beach. Abin da ya cinye ta ya faro ne tun wajen 1908 zuwa 1912, lokacin da Turawa suka jera dogayen katangun duwatsu cikin teku don kada yashi ya toshe wa jirage kafar shiga. A gaɓar nan igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Katanga ta tare shi, ya taru a yamma, gabas ta daina samun rabonta, teku ya yi ta gutsurar ta shekara da shekaru har ya fara hawa titin Ahmadu Bello. Maganin da aka kawo shi ne Eko Atlantic: aka ɗebo yashi daga ƙasan teku aka cike wurin, aka kewaye da katangar duwatsu da kankare mai tsawon kilomitoci, aka fara dasa dogayen benaye. An tsare Victoria Island, gaskiya ne. Amma filin da talaka ke zuwa shan iska ya zama fuloti, da masu gadi a ƙofa.

Wanda ke son ruwan da zai iya shiga, Tarkwa Bay zai nufa. Ba hanyar mota, sai jirgin ruwa, a ɗaura maka rigar kariya a ratsa ta gefen manyan jiragen dakon kaya. Da yake katangun duwatsun nan sun rungume wurin, ruwansa ya fi na ko'ina ladabi. Yaran unguwa suna hawa igiyar ruwa da alluna, a nesa jirage sun yi layi suna jiran izinin shiga Apapa. Na shiga iya gwiwa, taubashina yana riƙe da gefen rigata yana cewa amanar Kawu ce. Wurin ma yana da nasa tabon, don a Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna yankin bisa zargin fasa bututun mai.

Lekki kuwa gari ne da ake ginawa a kan fadama ana ƙarawa kullum. Abin da ya saura na asalin dajin shi ne gandun da ƙungiyar kare muhalli ta NCF ta keɓe a 1990, hekta 78, da birai masu ƙwace abin hannu, da wata gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke lilo a saman itatuwa. Na hau, na sauko, ban da abin cewa sai alhamdulillahi. Daga nan duk bakin ruwan da muka nufa akwai ƙofa da mai tikiti: kuɗin shiga daban, na ajiye mota daban, na kujera daban, wani wurin har abincin da ka zo da shi sai ka biya masa. Da yamma kiɗa ne da barasa, mai iyali ba zai so wurin ba. Da hantsi a ranar aiki kuwa sai ka sami yashi fari fes, ba kowa sai masu shara da masu doki.

Masu dokin nan kusan duk namu ne. Wani saurayi ya jawo wani jan doki mai jajayen tufafi ya nufo mu da Turancin kasuwa, da ya ji sallamata sai ya washe baki. Daga wajen Illela yake.

"Malam, a hau mana, ko hoto a yi."

"Samari, a gida ma ban hau ba sai a nan? Yaya dokin yake yi da gishirin nan?"

Ya ce kullum da yamma sai ya wanke shi da ruwan daɗi, musamman kofato, in ba haka ba ya tsattsage. Dusa da harawa daga Arewa ake kawowa, kuɗinsu ya fi na abincinsa shi kansa. Sauro da ƙudan fadama ba sa barin dabba ta yi ƙiba. Shekararsa kuma teku ne ya raba masa ita. Daga Nuwamba zuwa Janairu kasuwa ce, Disamba ba ya zama, sai kuma ranakun salla ƙarama da babba da Ista. Da Yuni ya kama ba mai zuwa, sai ya bar wa ƙanensa dokin ya hau motar shanu ya tafi gida shuka, ya dawo bayan an yi girbi. Agusta, in ji shi, ko ba ruwan sama teku ya fi hauka, ruwan ya yi sanyi, igiya ta yi tsawo. A irin wannan watan ne a 2012 tekun ya hau gaɓar Kuramo da dare ya tafi da mutane.

Ya nuna mini wani wuri da bulalarsa. Dama da hagu kumfa ce fari fat, amma a tsakiya akwai wani zirin da ruwan ya yi duhu ya lafa.

"Ka ga can da ya yi kamar ba komai? Nan ne yake ja. Ruwan da ya hau tudu ta nan yake komawa. Baƙo yana ganin wuri mai sauƙi ya samu, sai ya shiga. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi ka ce sai ka dawo ta inda ka shiga, gefe ake bi. Mu dai da muke nan kullum ba ma shiga. Ruwa ba sa'an kwando ba ne."

Na tambaye shi ko wurin yana canzawa. Ya ce tun zuwansa an matsar da rumfuna baya ba sau ɗaya ba. A Alpha Beach, gaba kaɗan, akwai kututturan kwakwa a cikin ruwa inda a da hanya ce da gidaje, mutanen wurin kuma suna cewa tun da aka yi katangar Eko Atlantic ruwan ya juyo kansu. Ta bayan tudu kuma ga sabon titin gaɓar teku da aka fara a 2024, wanda aka ce zai kai Kalaba, kusan kilomita 700, ya riga ya rushe wuraren shaƙatawa da dama tun daga Victoria Island. Can gaba ta hanyar Epe ga tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki da matatar man Ɗangote, duka an buɗe su a 2023, tankoki da tireloli sun mamaye hanyar da a da ta masunta ce. Direbobin tankokin ma in ka saurara, Hausa da yawansu ke yi.

A ƙarshe dai na hau dokin, don kunyar ɗan'uwa. Ya ja mu taku kaɗan a gefen kumfa, taubashina yana ɗaukar bidiyo yana kirari wai ga Durɓin Katsina ya ci teku da yaƙi. Da na miƙa kuɗi saurayin ya ce a bar shi, na ce ba a yi haka ba, harawa ba kyauta ake ba ka ba. Ya karɓi rabi. Taubashina ya dubi agogo ya ce in ba mu wuce Ajah kafin ƙarfe huɗu ba, a gosulo za mu yi magariba da isha, kuma shi ba zai yi wa Kawu bayani ba.